Neman kalmar Hausa: me za mu kira anxiety disorder a rediyo?

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum malamaina. Ina da shiri ranar Alhamis da dare, kuma gobe da azahar zan miƙa rubutun. Maganar ita ce yadda mura da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suke dagula wa masu anxiety disorder lissafi. Likitan da zan yi hira da shi rabin maganarsa Turanci ne, masu saurarona kuwa har da tsofaffi a karkara. Da na rubuta "ciwon damuwa", amma shi muke faɗa wa depression. Me zan ce? Ina kuma neman kalmar panic attack, wato tsoro mai tsanani da ke afka wa mutum farat ɗaya.

Nas a Kaduna: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar damuwa inda take. Mai ciwon damuwa jikinsa ya mutu, ba ci ba magana. Mai anxiety disorder kuwa a tsaye yake cir, yana jiran masifar da ba ta zo ba. Ki ce ciwon fargaba.

Ga abin da nake so masu sauraro su gane. Zazzaɓi shi kaɗai yana ƙara wa zuciya sauri, haka ma ƙarewar ruwa a jiki bayan amai da gudawa. Wani zai ce zazzaɓi ne, ya sha magani ya ja bargo. Mai ciwon fargaba da ya ji bugun sai ya ce shi ke nan, zuciyata za ta tsaya. Tsoron ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, bugun ya ƙaru, numfashi ya koma sama-sama, kai ya yi jiri, yatsu su sage, shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin shaida. An taɓa kawo mana wata baiwar Allah cikin dare, ta riƙe wuyan hannunta tana ƙirga bugun jijiya, leɓenta ya bushe, tana ta ba mijinta wasiyyar yara. Da aka tsaga yatsa aka gwada, maleriya ce. An yi maganin maleriyar, amma ta daɗe tana tsoron kwanciya ita kaɗai.

Tsohon malamin Hausa: 'Ya'yana, fargaba ta kowa ce. Mai jiran sakamakon jarrabawa yana fargaba, mai tafiya da dare a hanyar Birnin Gwari yana fargaba. Liƙa mata "ciwon" a gaba aikin gaggawa ne. Hausa tana da ma'aunin sunan cuta: sanƙare ya ba mu sanƙarau, ƙanjame ya ba mu ƙanjamau. To daga zullumi sai mu ce zullumau. Kalma ɗaya tilo, kuma duk Bahaushe da ya ji ta ya san cuta ake nufi.

Mai shirin lafiya: Allah ya gafarta malam, ta yi daɗi a baki. Tsorona kada yara su mayar da ita sunan tsokana.

Nas a Kaduna: Tsoron da nake yi ke nan, Baba. Ka duba abin da ƙanjamau ta yi wa marasa lafiya, har gidajen rediyo suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Dama mutanenmu da sun ji an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware sai su ce hauka. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, ta maye gurbin ta 1958 mai kiran mutane mahaukata. Ba na so mu ƙera wa mutum sunan da za a bi shi da shi a unguwa.

Tsohon malamin Hausa: Laifin masu tsokana ne, ba na ma'aunin kalma ba. Idan kullum sai mun jera kalmomi uku kafin mu faɗi abin da Bature ya faɗa da ɗaya, yaushe harshen zai tsaya da ƙafarsa? Kun bar 'yan jarida suna yi mana ƙamus a tsaitsaye.

Ɗan Damagaram: Malam, da girmanka, su wa za su tsayar da shi? A nan Nijar likita da Faransanci yake faɗa, tsohuwa kuma ta ce "gabana ke faɗuwa", kuma suna fahimtar juna. Kullum sai a zauna a Kano ko Zariya a yanke kalma, a aiko mana kamar mu baƙi ne a harshen. Ni na ce ciwon faɗuwar gaba. Babu wanda zai tambaye ka ma'anarta daga Maraɗi har Agadas.

Tsohon malamin Hausa: Babu wanda ya ce ku baƙi ne. Amma daidaitacciyar Hausa ba son kai ba ce, da ita ake rubuta littafin da ɗanka yake karantawa.

Ɗan Damagaram: Ɗana da Hausar uwarsa yake faɗin inda ke masa ciwo.

Wani ɗalibin ilimi: Me ya hana a ce waswasi? Kalma ce da kowane Musulmi ya sani.

Nas a Kaduna: Malam, waswasi ya fi dacewa da mai maimaita alwala ko mai komawa duba ƙofa sau da yawa, wannan wani ciwo ne daban. Kuma da an ce waswasi a rediyo, wasu za su ji kamar an ce imanin mutum ne ya yi rauni. Addu'a tana da wurinta, gwajin jini ma yana da nasa. Faɗuwar gaba kuwa alama ce guda a cikin alamomin, yayana na Damagaram. Mai ƙarancin jini ma gabansa yana faɗuwa.

Mai kemis: Ku yi haƙuri in shigo da abin da nake gani a kemis, don kada a tsaya kan suna a manta da shi. Wani lokaci maganin ne yake ƙara wutar. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna ɗauke da sinadarin pseudoephedrine, yana sa bugun zuciya da rashin barci. Panadol Extra akwai kafeyin miligiram 65 a kowace ƙwaya, mutum ya sha biyu, ya ɗora goro da shayi mai kauri, sannan ya kwana ido biyu. Ventolin na masu asma yana sa rawar hannu da bugun zuciya, amma don Allah ki faɗa da babbar murya kada kowa ya ajiye abin shaƙarsa saboda haka, ya dai gaya wa likita. Maganin maleriya mai suna mefloquine kuwa, tun 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani saboda yana iya jawo fargaba da ruɗewa. Duk mai wannan ciwo ya faɗi haka kafin a rubuta masa magani.

Nas a Kaduna: Ki ƙara da wannan: kada mai ciwon ƙirji ya zauna a gida yana cewa fargabata ce. A fara duba zuciya, a duba jini, a duba sukari da maƙoƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 301 ke da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Yana da magani, na sha da na zama da likita a yi magana.

Mai shirin lafiya: Na gode ƙwarai. Saura panic attack. Na ga wani ya rubuta "harin firgici".

Tsohon malamin Hausa: A'a! Wannan Turanci ne da rigar Hausa. Hari na 'yan bindiga ne. Bahaushe cewa yake ciwonsa ya tashi: asma ta tashi, sikila ta tashi, farfaɗiya ta tashi. Ki ce firgicin ya taso masa.

Nas a Kaduna: A nan kam ina bayanka, Baba. "Ya tashi" tana nuna ciwon yana nan kwance, zazzaɓi ne ya taɓa shi, kuma zai lafa. Yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen tsananinsa.

Mai shirin lafiya: To ga yadda zan buɗe: "Akwai masu fama da ciwon fargaba, wato faɗuwar gaba da zullumin da ba sa barin mutum ya yi harkarsa. Mura ko zazzaɓi kan tayar musu da shi, har firgici ya taso musu su ɗauka mutuwa ce." Ya yi?

Ɗan Damagaram: Tun da faɗuwar gaba ta shiga, na yi shiru. Amma a nan da ita zan fara.

Tsohon malamin Hausa: Jimlar ba ta da laifi. Suna dai har yanzu ba mu samu ba, bayani muka yi. Ki yi shirinki da ita saboda lokaci. Zullumau kuwa ban janye ta ba, zan kai ta gaban masana a duba.