Neman shawara: semina a kan dofamin a cikin ido, ta ina zan kama?

Ƙanwarku ƴar Fisiyoloji:
Assalamu alaikum yayyena, don Allah a taimaka. An ba ni semina a kan risefta na dofamin (wuraren da wannan sinadarin saƙo ke kamawa a jikin sel) da aikinsu a retinar dabbobi masu shayarwa, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, ni kuma a sanina dofamin na ƙwaƙwalwa ne, su Parkinson da jin daɗi, ashe har a ido akwai shi. Riseftocin nan D1 zuwa D5 duk sun cakuɗe min kuma minti goma kacal za a ba ni.

Yaya ɗan Optometiri:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kar ki jera su ɗaya bayan ɗaya, gyangyaɗi malamai za su yi. Ki ɗora komai a kan rana da dare. Wasu ƴan tsirarun sel cikin amakrin (wani nau'in sel na jijiya a retina) ne ke yin dofamin ɗin, haske na shigowa su sake shi da yawa, da dare ya sauka melatonin, sinadarin dare, ya hau. Wato shi ke sanar da retina gari ya waye. A duhu sel na buɗe ƴan ƙofofin da ke tsakaninsu su haɗa ɗan abin da suka samo, ana gani amma dishi-dishi, to da rana dofamin ke rage wannan haɗin don hoto ya fito tsaf. D1 da D5 na ƙara cAMP (sinadarin da ke kai saƙo a cikin sel), D2, D3, D4 na rage shi. D1 na kan wasu nau'in sel biyu na retina, horizantal da amakrin AII, shi ke rage haɗin kowane nau'i da ƴan uwansa. D4 na kan sel masu karɓar haske, wato rod da kon, yana rage haɗinsu. D2 na jikin masu yin dofamin ɗin kansu, birki ne kar su zuba fiye da kima. D3 ki wuce shi da sauri, ba a cika samun shi a retina ba.

Anti mai MSc:
Ki sa binciken 2012 da aka hana retinar ɓeraye yin dofamin. Maganin da ke tada D1 ya maido musu kaifin gani, na D4 kuma ya maido bambance abu da abin da ke bayansa idan haskensu ya kusa zama ɗaya. Masu Parkinson ma wannan bambancewar na raguwa musu, kin ga ya haɗu da abin da kika sani.

Wani ɗan uwa:
Shi ya sa ake cewa yara su fita waje? A Guangzhou ta Sin an ƙara wa ƴan firamare minti 40 a waje kullum ranar makaranta, sakamakon 2015 ya nuna rashin hangen nesa ya ragu.

Anti mai MSc:
Haka ne, ana ganin dofamin na hana ƙwayar ido yin tsawo da yawa, abin da ke kawo rashin hangen nesa. Amma ƙanwata ki kula, hujjar da yawa daga ƴan tsaki aka samo ta, ke kuma dabbobi masu shayarwa aka ba ki, in kika kawo kaza ba bayani nan za su kama ki.