Neman kalmar Hausa: me za mu kira "benign tumour" idan a zuciya ya fito?

1/ Jama'a, "tumour" dai an gama da shi, ƙari ne. Rigimar tana kan "benign". Yawancin masu fassara kan ce "marar illa", kuma ni ban yarda da wannan ba, musamman idan a zuciya abin ya tsiro.

2/ Ɗauki miksoma, ƙarin da ya fi yawa cikin waɗanda ke tsirowa a zuciyar manya. Kusan uku cikin huɗu a ɗakin sama na hagu yake zama, maƙale da ɗan siririn wuya a bangon da ya raba ɗakunan saman biyu, yana lilo duk bugun zuciya. Wani lokaci ya faɗa bakin ƙofar da jini ke bi zuwa ɗakin ƙasa ya toshe ta, mutum ya yi ta haki, ko ya tashi tsaye kawai ya yanke jiki ya faɗi. Ga shi da taushi, guntunsa kan ɓalle ya bi jini har ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Wannan ne marar illa?

3/ Abin da likita ke nufi da "benign" shi ne ba ciwon daji ba ne, ba ya cin naman da ke kusa da shi, ba ya zuwa huhu ko hanta ya kafa sabon gida. Don haka na tsaya a kan "ƙari marar yaɗo". Wanda ya taɓa ganin yadda kabewa ke bin danga ya san abin da ake nufi da yaɗo.

4/ Wani ɗan'uwa ya kawo "kumburi". A'a Malam, kumburi kan sace da kansa ko da magani, miksoma kuwa sai tiyata. Da hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura mai aiki da sauti, ake gano shi, a buɗe ƙirji, inji ya riƙe aikin zuciya da huhu, a yanke shi har da gindinsa. Likitan tiyata Clarence Crafoord ne ya fara cire shi cikin nasara a Sweden a 1954, kuma idan an cire da kyau da wuya ya dawo.

5/ A rubuce a ce "ƙari a zuciya". "Ƙarin zuciya" sai a ɗauka ƙarfin hali ake ƙara wa mutum.

6/ Shi kansa miksoma, asalin sunan daga kalmar Girkanci ce mai nufin majina, saboda santsinsa. Majina ba ta yi daɗin faɗa wa majinyaci ba, sai mu ce "ƙari mai yauƙi".

7/ Na jarirai daban ne, daga tsokar zuciya yake fitowa, kuma sau da yawa yakan motse da kansa yayin da yaro ke girma, likita sa ido kawai yake yi. Yauƙi bai dace da shi ba. Mutanen Sakkwato da Damagaram, me kuke da shi?