Hoton faɗuwar rana a Kiribi ya gagare ni

Assalamu alaikum. Masu sanin harkar hoto, don Allah ku taimaka min. Ina Kiribi a kudancin Kamaru, inda kogin Lobe ke zubowa kai tsaye cikin teku. Gaɓar na kallon yamma, rana kan nutse cikin ruwa ja wur daidai lokacin da kwale-kwalen masunta ke dawowa. Amma wayata ta kasa ɗaukar hoton maiɗakina tare da faɗuwar ranar. In na taɓa fuskar maiɗakina a allon, sama ta yi fari fat. In na taɓa ranar, launi ya fito sosai, maiɗakina kuma ta koma baƙa ƙirin. Na kunna HDR, wato saitin da ke daidaita haske da duhu a hoto, sai hoton ya zama kamar an shafa masa fenti. Ga shi duhu ba ya jira a nan. Akwai saitin da zai fito da duka biyun, ko dole sai kyamara?