Garaje ne ko ganganci?

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Jiya na sa hannu a takardar yarjejeniyar aiki ban buɗe shafi na biyu ba. Sai da na koma gida na ga sharaɗin da ya ɗaure ni shekara 2. Yayana ya ce ganganci na yi, ni kuma na ce garaje ne. Wa ke da gaskiya?

Malam Tsoho: Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya, yaro. Ka duba tushen kalmar. Ganganci daga "gangan" ya fito, kamar yadda jahilci ya fito daga jahili. Wanda ya yi abu da gangan kuwa ya sani. Mai ganganci ya ga ramin, ya san zurfinsa, ya ce bari in tsallake. Mai garaje bai ma tsaya ya duba ko akwai rami ba. Shi ya sa aka ce garaje ba ƙarfi ba ne, domin a ido kamar zafin nama yake.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ni ban yarda gaba ɗaya ba. Ɗan Auta ya ga takardar shafi biyu ce, ta kuma shiga hannunsa. Ƙin karantawar da gangan ya yi shi. Direban da ya wuce babbar mota a kan kwana bai san me ke tahowa ba, amma kowa ganganci yake kiran abin, don ya san ba ya gani.

Malam Tsoho: Wannan magana ta shige ni, Hajiya. To, sanin haɗarin ne ma'auni ke nan, ko da ba a san girmansa ba.

Mai Nazari: Kada a manta da gaggawa. Ita sauri ce kawai, har akan ce taimakon gaggawa ba tare da zargi ba. Amma hadisin Tirmizi ya ce natsuwa daga Allah take, gaggawa daga Shaiɗan, kuma Suratul Anbiya aya ta 37 ta ce daga gaggawa aka halicci mutum. Garaje kam ban taɓa jin an yabi kowa da shi ba.

Ɗan Auta: Gaskiya na ga shafin, Inna. Mutumin yana tsaye a kaina da biro, na ji kunyar in ce ya jira.