Waɗanda suka taɓa zuwa ƙauyen Batad a Filifin, ku ba mu labari

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatun haɗa magunguna a Baguio, abokansa sun matsa masa su je wani ƙauye wai shi Batad, a yankin Banaue na lardin Ifugao, inda aka sassaƙe tsauni aka yi fadamun shinkafa hawa-hawa. Na san cikinmu akwai waɗanda suka zauna a ƙasar. Wanda ya taka wurin da ƙafarsa ya faɗa mana yadda yake, kafin in tura kuɗin mota.

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tura masa. Na je a 1996, lokacin da aka kai mu kwas cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Los Baños. Shekara guda ke nan da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa gonakin Batad cikin kayan tarihin duniya, tare da na Bangaan, Mayoyao, Hungduan da Nagacadan. Mota ta sauke mu a mararraba, muka hau tsauni a ƙafa har wata mashiga a saman tsaunin da suke kira Saddle, sannan muka gangara. Babu wutar lantarki. Gidajensu na katako ne bisa dirka huɗu, rufin ciyawa, kowace dirka an sa mata faifan itace don kada ɓera ya hau, saboda shinkafar a sama take, da zangarniyarta, dami-dami.

Ruwan ne ya fi ɗaukar hankalina. Saman gonakin akwai kurmi da ake ce wa muyong, kowane yanki da iyalin da ke kula da shi, ba a sare shi barkatai. Daga nan ruwa yake tsattsafowa, ya cika gonar sama, ta zubar wa ta ƙasa, har gindin kwari. Katangun na dutse ne, an jera da hannu. In ta mutum ɗaya ta zube, na ƙasa da shi sun shiga uku, shi ya sa gyara da dashe suke yi da gayya kamar mu. Mun baro inda ake alfahari da irin IR8 mai saurin nuna, sai ga mutane suna noma tinawon, shinkafarsu ta gargajiya, wadda sau ɗaya tak take zuwa a shekara, kuma ba su ga dalilin sauya ta ba.

Maman Hanifa:
Baba, ina wuni. Batad ɗin da kuka gani ba ita na tarar ba a 2019, ina karatun jinya a Dagupan. Titin siminti ya wuce Saddle ya gangaro, tafiyar ƙafar ta ragu sosai. Akwai wuta, rufin kwano ya yi yawa, masaukan baƙi sun jeru a bakin gangare. Samarin da ya kamata a gani a gona su ne 'yan rakiya, suna kai Turawa ganin ruwan Tappiya mai zubowa daga dutse. Na ga gonaki da dama ciyawa ta cinye su.

Matar da ta sauke mu ta ce shinkafar da ta dafa mana ta buhu ce daga ƙasan tsauni, tinawon ba ta kai su shekara. Na tambaye ta ina 'ya'yanta, ta ce biyu suna Baguio, ɗaya tana aikatau a ƙasar waje. A al'adarsu ɗan fari, mace ko namiji, shi ke ɗaukar gona mafi girma, na biyu ya samu abin da ya rage, sauran su nemi na kansu. Hakan ya hana gona tsattsagewa, amma kuma shi ke korar ƙanne. Yanzu har 'yan farin ma tafiya suke.

Tsohon Malamin Gona:
Lafiya lau, 'yata. Ban yi mamaki ba. Tun 2001 UNESCO ta sa wurin cikin masu fuskantar haɗari, sai 2012 ta cire shi. Ga kuma dodon koɗin nan da aka shigo da shi ƙasar a shekarun 1980 wai don abinci, ya koma yana cinye dashe. Amma ni ba zan zagi titi ba. Na ga an ɗauko mara lafiya a cikin bargo ɗaure a gora ana hawa da shi tsaunin nan.

Abu Sadik:
Baba ya yi gaskiya kan titi. Ni gyara ɗaya zan yi wa 'yan rakiya. Namu ya rantse gonakin sun shekara 2,000, kuma haka za ka ji ko'ina. Wannan lissafin na Ba'amurke H. Otley Beyer ne da takwarorinsa na farkon ƙarni na 20. Tonon da masanin binciken kayan tarihi Stephen Acabado da tawagarsa suka yi a Ifugao ya nuna noman shinkafar fadama a nan bai fi shekara 400 ba, kafin nan gwaza ake nomawa. Wato mutane ne suka haura tsauni suna guje wa mulkin Sifaniyawa, suka faɗaɗa gonakin. Da na faɗa masa, sai da ya ɓata rai. Ni kuwa wannan ya fi burge ni, domin Sifaniya ta yi sama da shekara 300 a ƙasar ba ta iya lanƙwasa Ifugao ba.

Maman Hanifa:
Yaya Abu, ai kana taɓa masa abinci ne. Ɗan Gusau, ka ja wa ƙanenka kunne kan nama. Alade ya yi yawa, kuma akwai kazar da suke kira pinikpikan, dukanta ake yi da sanda kafin a babbake, ba ta halatta gare mu ba. Ya tsaya kan ƙwai, ganye da kifin gwangwani. Ya riƙe tsabar kuɗi daga Banaue.

Abu Sadik:
Ya sa takalmi mai kama ƙasa, don bisa bakin katanga ake tafiya, kuma akwai santsi. In yana son ganin kore shar ya je wajen Afrilu ko Mayu, girbi kuma Yuni zuwa Yuli.

Ɗan Gusau:
Allah ya saka da alheri. Baba, ya ce in tambaye ku ko ana samun irin tinawon ɗin a saya, wai zai kawo wa mahaifinmu ya gwada a Bakalori.

Tsohon Malamin Gona:
Shinkafar tsauni ce mai son sanyi, zafin Talata Mafara ba zai bar ta ba. Kuma iri ba ya tsallaka iyaka sai da takardar jami'an killace tsirrai. Ya sayo sussukakkiya kilo ɗaya, a dafa wa Alhaji ya ɗanɗana.