In gyara Peugeot 406 ɗina don wasan ƙarshen mako, ko in haƙura in tara kuɗin BMW E46?

Ɗan Barnawa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Nan da mako uku akwai wasan ƙarshen mako a wani fili da aka killace a bayan gari, irin wanda ake jera robobi a fitar da hanya, mota ɗaya ta shiga a ɗauki lokacinta, sannan wata ta biyo. Motar da ke hannuna Peugeot 406 ce, injin EW10 mai lita 2.0, giyar hannu, kuma ita ke kai yara makaranta ranar Litinin. Abin da zan iya kashewa naira dubu ɗari tara ne, babu ƙari. In zuba su a 406 ɗin, ko in bar wannan karon ya wuce in ci gaba da tari har in sayi BMW E46? In 406 ce, me zan fara taɓawa?

Mai Golf: Wa alaikumus salam. Fara da difarensha, wato abin da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji. A yi mata walda tayoyin baya su riƙa juyawa tare, ka sa birkin hannu na mai, sai ka ga yadda bayanta zai riƙa fita a kwana.

Bakaniken Kakuri: Mai Golf, ka karanta tambayar kuwa? 406 da tayoyin gaba take ja. Babu difarensha a bayanta, tana cikin akwatin giya a gaba, kuma in aka yi mata walda sitiyari zai yi tauri, motar ta ƙi shan kwana, dirabshaf ya karye. Mutumin kuma lokaci za a ɗaukar masa, ba zamiya zai yi ba.

Ɗan Barnawa, ga tsarin da zan ba ka. Birki tukuna. A zuƙe tsohon man birki gaba ɗaya, a zuba sabon DOT 4 daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, lita ɗaya ta isa, a fitar da iska ta kowace ƙafa har sai mai tsabta ya fito. Dalili shi ne man birki yana shan damshi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa, motar na tafiya abinta. DOT 5.1 ya fi, yana kai 260, kuma yana haɗuwa da DOT 4. DOT 5 zalla kuwa wani abu ne daban, kada a kuskura a zuba maka shi. Takalman birki na gaba a sa sababbi, ka gasa su kafin ranar: ka kai 80 ka taka sosai zuwa 20 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas, sannan ka yi tafiya su huce. Na biyu, bel ɗin taimin. EW10 bel yake amfani da shi, in ya tsinke fistin zai daki bawul. In ba ka san ranar da aka canza shi ba, a canza shi tare da abin ɗaure shi da famfon ruwa. Kayan 406 ba sa wuya a garin nan, a Kakuri nan Kaduna aka riƙa haɗa ta, masana'antar ta fara aiki tun 1975.

Turbo Kawo: Doki 140 ma ba ta kai ba. Ka sa mata turbo na Beljiyam, ka cire indomin salansa (matatar hayaƙin da ke cikinta), ka sa buɗaɗɗiyar matatar iska. In ba haka ba kallo za ka je yi.

Abban Ummi: In an cire indomin a ajiye min, yara ba su karya ba 😂

Bakaniken Kakuri: Abban Ummi, wanda ya cire ba zai ba ka ba, akwai ƙarfe mai tsada a ciki, sayar da shi ake yi. Shi ya sa wasu ke saurin ce maka ya toshe. Turbo kuma a dubu ɗari tara cikin mako uku, ba tare da an sake tsara kwamfutar injin da manyan nozul ba, fistin zai narke. Buɗaɗɗiyar matata a cikin boneti iska mai zafi take zuƙa, kuma a filin ƙura lokacin hunturu yashi za ta riƙa tura wa injin.

Hajiya Mai Civic: Ba wanda ya ambaci taya, alhali a irin wannan wasan ita ce ke rage daƙiƙu. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara biyar tana iya bushewa, ko da zanenta na nan. 406 yawanci 195/65 R15 take ɗauka. In ka samu wili na 16 mai ƙusa huɗu, ma'auni 4x108, ka sa 205/55 R16, tsayinsu kusan ɗaya ne amma gefen ya fi gajarta, ba ta lanƙwasa a kwana. Ka tafi da gejin iska naka, ka auna da ka fito daga zagaye, domin iska tana hawa in taya ta yi zafi. Sababbi masu kyau ka ware dubu 110 kowace ɗaya.

Mai Golf: Dubu 110? Hajiya a ina kike sayayya? Makon jiya dubu 68 ake ba da wannan lambar.

Hajiya Mai Civic: Lamba ɗaya, roba daban. Ka tambayi sunan kamfanin da shekarar da aka yi ta.

Turbo Kawo: Beljiyam dubu 25. Taya huɗu dubu ɗari, an wuce wurin.

Baba Tudun Wada: Ni maganar E46 ɗin ce ta tsaya min a rai. Kowa ya ga samfurinta na 325i mai doki kusan 190, tana ja da baya, sai ya ɗauka ya gama. Akwai wata a garejin unguwarmu yanzu haka, wata bakwai tana kan duwatsu, ta wani yaro ce mai hankali da ya yi shekara biyu yana tari. Bari in faɗa muku abin da aka yi mata don kada a maimaita.

Ya kai ta a duba kafin wasa. Wanda ya karɓi aikin ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya ce na ƙasar sanyi ne, ya ɗaure fanka ta riƙa juyawa kullum, ya zubar da kulan (ruwan sanyaya inji) ya cika da ruwan rijiya. Tankin ruwa na roba da ya shekara fiye da goma sha biyar bai taɓa shi ba, famfon ruwa mai fiffiken roba ma haka. Injinta, M54, an yi shi ne ya yi aiki da zafi, ruwansa a matse, murfin tankin bar 2 yake riƙewa. Ruwa zalla ya fi kulan saurin tafasa, ga tsatsa. A zagaye na uku tankin ya tsage daga gefe, ruwa ya zube cikin daƙiƙu. Allurar zafi ta E46 tana zama a tsakiya har sai abu ya ɓaci, kafin ta kai ja aikin gama ya gama. Kan silinda ya lanƙwashe.

Ba a nan ta tsaya ba. Aka kankare kan, aka sa sabon gasket, da aka zo ɗaure kusoshi sai zaren ya biyo su, saboda bulok ɗin alminiyam ne, in ya sha wuta zarensa ba ya riƙewa. Maganinsa a dasa sabon zare na ƙarfe a kowane rami, amma sai aka cusa gam aka ɗaure aka ba shi mota. Kwana huɗu ta haɗa mai da ruwa. Aka ce ya sayo injin Beljiyam, ya sayo miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, ba a auna matsin silinda ba kafin a biya, aka ɗaura, silinda biyu ba sa aiki. Mai kaya ya ce an riga an kwance, ba ya karɓa. Wanda ya cire tamostat ɗin har yau yana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma kayan da ba su kai dubu ɗari biyu ba, tanki da famfo da tamostat da tiyo biyu, da sun tsare wannan asarar. Abin yana ci min rai duk safiyar da na wuce ta.

Abban Ummi: Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri.

Mai Golf: Miliyan ɗaya da ɗari uku an cuce shi. Dubu ɗari takwas da hamsin ake samun M54, in ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas.

Baba Tudun Wada: Na ɗari takwas da hamsin tsirara ne, ba kwamfuta ba wayoyi. Ka tambaya da kyau, ɗana.

Turbo Kawo: Amma Baba, maganar tamostat ba haka take ba. Motoci da yawa a Kaduna babu shi a ciki, kuma suna zuwa Abuja su dawo a zafin watan Afrilu.

Bakaniken Kakuri: Suna zuwa, suna shan mai kamar raƙumi. Kwamfuta tana ganin injin bai ɗumama ba, sai ta riƙa ƙara fetur, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. A injina da yawa kuma tamostat shi ke rufe gajeriyar hanyar ruwa in ya buɗe, in babu shi wani ruwan zagayawa yake yi ba ya bi ta lagireto. In mota tana zafi, a wanke lagireto, a duba murfi da fanka da famfo. Shekara ashirin da biyu ina wannan aikin.

Turbo Kawo: Da girmamawa Oga, gyaran motar haya daban, motar tsere daban. Ka taɓa shiga fili?

Hajiya Mai Civic: Wanda ya shiga fili ya ƙona inji ba shi ya fi wanda ake kawo wa ƙonannen injin sani ba. Kai da ka ce a sa turbo, da wace kwamfuta za a sarrafa shi?

Turbo Kawo: Akwai bidiyo da yawa a YouTube.

Baba Tudun Wada: Masu bidiyon suna da na'urar gwada inji da fetur mai ƙarfi. Kai da kunne za ka saita.

Injiniyan Mando: Tunda an shiga E46, duk mai saye ya ɗaga ta ya duba inda gadon tayoyin baya ya kama bodi, wurin yana tsagewa, sai an yi masa faranti an ƙarfafa. Notin famfon baƙin mai na M54 kuma yana kwancewa in ana yawan kai injin ƙarshen juyinsa, ana ɗaure shi da waya. Kusoshin taya Nm 120, da sifana mai awo, ba yaro ya hau kan ƙarfe yana tsalle ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kejin ƙarfe da ake sa wa cikin mota don ya kare direba in ta kife. Ana ta kai motoci Panteka a yi musu keji da bututun ruwa. Bututun ruwa yana da ɗinki, in mota ta kife ya buɗe ko ya karye ya zama mashi. Ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, bututun ƙarfe marar ɗinki ne, babban baka milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2.0, ƙafafunsa a kan faranti. Masu waldar Panteka suna da hannu, in ka kawo musu ƙarfen da ya dace da zane za su yi. Amma Ɗan Barnawa, motar da ke ɗaukar yara kada ka sa mata keji ko kaɗan, kan da babu hular kwano in ya daki ƙarfen nan illa ce. Bel ɗin kujerarta na asali ya ishe ka. Hular kwano mai tambarin ECE 22.05 ko 22.06, da tukunyar kashe wuta mai kilo 2 a ɗaure da maɗaurin ƙarfe. A matse batir, a kwashe komai daga but da ƙasan kujera, har tabarmar ƙafa.

Mai Golf: A yanke sifirin zagaye biyu ta sauka, kyauta ne.

Injiniyan Mando: Yankakken sifirin yana ficewa daga mazauninsa in taya ta rataya, shokozoba kuma ya riƙa dukan ƙarshe. Sababbin shokozoba da bushin, da alaimen mai kyau, sun fi wannan nesa ba kusa ba.

Ɗan Barnawa: Na gode ƙwarai. To E46 ɗin nawa zan tara?

Abban Ummi: Miliyan huɗu da rabi ka samu ta hannu.

Hajiya Mai Civic: Ta huɗu da rabi giyar otomatik ce mai ciwo. Mai giyar hannu da lafiya ba ta kasa bakwai ba, in ma ka gan ta. Masu wasan biki sun gama da su.

Baba Tudun Wada: Yawwa, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Waɗannan masu juya mota a tsakiyar titi ranar kai amarya su suka ɓata mana suna. Yara na tsaye a bakin kwata, babu shinge, babu mai tsare hanya, tayar Beljiyam ta fashe mota ta yi cikin mutane. Gobe ka je neman aron fili, mai fili ya ji kalmar wasan mota ya rufe ƙofarsa.

Turbo Kawo: To ina za su yi? A ba matasa fili mana. Gari kamar Kaduna, mai masana'antar mota, a ce babu ko da'ira ɗaya ta kwalta da aka ware.

Injiniyan Mando: Rashin fili ba hujjar taka ɗan wani ba ce. Kuma fili kaɗai ba ya isa. Sai an sa 'yan kallo nesa, a cikin kwana ba a wajenta ba, domin mota in ta ƙwace waje take yi. Sai masu tuta a kowace kwana, motar asibiti a tsaye, da takardar izini a hannu kafin a tayar da inji ko ɗaya. Ɗan Barnawa, masu shirya naku sun tanadi waɗannan?

Ɗan Barnawa: Sun ce akwai izini, motar asibiti ban tambaya ba, zan kira su yau. Amma har yanzu ban ji ba, in shiga da 406 ɗin ko in jira?

Mai Golf: Wai wane fili ne? Kwalta ce ko jar ƙasa? In ƙasa ce duk maganar tayar 16 ɗin nan ta rushe.