Wace sutura ta dace da ni a yinin biki na ƙauye cikin bazara?

Amaryar Bara, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina neman shawararku a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai kwana biyun nan. Ni haifaffiyar birnin Kano ce, maigidana kuma asalinsa wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, kuma tun da aka yi aurenmu bara sau ɗaya tak na je garin, shi ma gaisuwa ce ta 'yan sa'o'i. Yanzu za a aurar da 'yar ƙanin mahaifinsa ranar Asabar ta tsakiyar watan Afrilu. Za a ɗaura aure da hantsi, daga nan mata su yi yini a gidan iyayen amarya, a ci abincin rana tare, a zauna har bayan la'asar. An fitar da anko, amma kafin labari ya iso ni ya ƙare, don haka dole in zaɓa daga cikin abin da nake da shi.

Kaya uku nake dubawa. Akwai leshi ruwan zuma mai duwatsu daga cikin lefena, wanda aka yi wa ɗinkin riga da siket, akwai shadda ruwan sararin samaniya mai aiki a wuya, sai kuma turmin atamfa Holan mai ruwan ganye da ban kai wa tela ba tukuna. Tsorona kashi biyu ne. Idan na sa leshin, ina gudun a ce 'yar birni ta zo nuna isa a bikin da ba nata ba, idan kuma na tafi da atamfa, ina gudun dangin miji su ɗauka na raina musu taro. Ban san kuma ko mayafi ya wadatar ba, ko hijabi ne ya fi dacewa. Don Allah waɗanda suka san al'adar yankin su taimaka mini.

Hajiya daga Gumel

Wa alaikumus salam. Ɗiyata, abu na farko da nake so ki gyara a zuciyarki shi ne, ke ba baƙuwa ba ce a wannan biki, matar ɗa ce, kuma a ƙasarmu matar ɗa ba a ajiye mata kujera ta zauna tana kallo. Tun daga zaure za ki fara durƙusawa kina gaida iyaye da kakanni ɗaya bayan ɗaya, kuma za ki iya durƙusawa sau ashirin kafin ki samu wurin zama. Zaman ma a kan tabarma ne, ƙarƙashin rumfa ko inuwar maina, kuma da zarar an sauke tukwane wata gwaggo za ta miƙo miki faranti ta ce ki kai wa baƙin ɗakin can tuwon shinkafa da miyar taushe. To ki auna kowace sutura da wannan aikin.

Na taɓa halartar wani biki a wajen Maigatari inda wata yarinya mai hankali ta zo da siket na leshi wanda ya kama ta sosai. Da ta zo gaida kakar mijinta ta kasa kai gwiwa ƙasa, sai ta ɗan rusuna a tsaye, tsohuwar kuma ta amsa gaisuwar ba tare da ta ɗago ido ba. Yarinyar ba ta yi da niyyar raini ba, ɗinki ne ya hana ta, amma na ga yadda fuskarta ta sauya, kuma har aka tashi ba ta sake ba. Wannan ne ya sa nake ce miki ki ɗinka atamfar riga da zani. Zani yana ba mace damar durƙuso da zama da tashi cikin natsuwa, kuma tsofaffinmu har gobe suna ganin ƙimar macen da ta iya ɗaura shi.

Game da lulluɓi, ki shiga garin da hijabi, domin za ki wuce ta gaban maza a ƙofar gida lokacin da ba a daɗe da watsewa daga ɗaurin aure ba. Idan kin shiga cikin gida inda mata zalla suke, sai ki cire ki yafa mayafi babba mai kauri wanda ya shiga da atamfar, ba gyale shara-shara da ake ratayawa a kafaɗa ba. Sannan kada ki ji nauyin kiran uwar mijinki ki ce, Inna, ga abin da nake da shi, wanne kike ganin zan sa? Tambayar kanta za ta yi mata daɗi fiye da yadda kike zato.

Mai Ɗinki, Dambatta

Na goyi bayan Hajiya, kuma zan ƙara daga ɓangaren sana'ata, domin na shekara fiye da goma ina ɗinka wa mata kayan biki. Ƙanwata, watan Afrilu shi ne ganiyar bazara a ƙasar Kano da Jigawa, zafi yakan kai digiri 40 har ya wuce, kuma yinin biki yana faɗowa daidai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana ta fi ƙuna. Mafi yawan leshin da ke kasuwa yanzu zaren roba ne, kuma dole a yi masa shafi saboda hudojinsa, shafin ma galibi na roba ne, ke nan mace tana ɗauke da yadi biyu da ba sa shan gumi. Duwatsun kuma da gam ake liƙa da yawa daga cikinsu, suna kama tabarmar kaba suna zubewa. Shadda mai kyau auduga ce, amma mai haske irin taki ba ta ɓoye tabo, ɗigon manja ɗaya ko na zoɓo ya isa ya ɓata miki yini, ga ta da saurin yamutsewa idan an daɗe a zaune a ƙasa.

Atamfar Holan ta gaskiya, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond na ƙasar Holan, auduga ce zalla, shi ya sa take shan gumi ta kuma bar iska ta ratsa. Sai dai tunda kwaikwayonta ya cika kasuwa, har a Kantin Kwari, ki gwada taki kafin ki kai ɗinki. Ki juya bayanta, ta gaskiya launinta ciki da waje kusan ɗaya ne. Ki kuma zare zare guda daga bakin turmin ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ko da ta tabbata mai kyau ce, ki jiƙa ta a ruwan sanyi ki shanya a inuwa kafin a yanka, don ta saki tauri, kuma idan za ta ɗan tsuke ta tsuke tun kafin a auna ki.

Turmi yadi shida ne, ya ishe ki zani da riga da ɗankwali ba tare da ƙunci ba. Abin da nake roƙon ki da shi shi ne ki gaya wa telarki ta saki hannun rigar yadda zai naɗu ya wuce gwiwar hannu, domin za ki yi alwalar azahar da ta la'asar a can, da buta, a tsakar gidan da ke cike da mutane. Na sha ganin mata suna fama da matsattsen hannu a bakin rariya, har sai sun nemi ɗaki sun cire riga. Wuyan kada ya faɗa da yawa, saboda sunkuyon zuba abinci. Kuma ki kai ɗinkin yau ko gobe, kada ki bari sai ana saura kwana uku.

Kwalliyar fuska ki taƙaita ta ga hoda mara nauyi da kwalli, saboda mai kauri narkewa take a wannan zafin ta ɓata bakin mayafi. Ki mayar da ƙarfinki kan lalle da humra mai sanyin ƙamshi.

Uwar Biyu, Birnin Kudu

Ina girmama maganar Hajiya da ta Mai Ɗinki, amma akwai ɓangaren da nake ganin ba a taɓo ba, kuma a matsayina na wadda aka haifa a ƙauye take kuma aure a ƙauye, ba zan yi shiru ba. Kada 'yar'uwarmu ta tafi da tunanin cewa mutanen karkara ba su san zani ba. Matanmu suna gane Holan daga nesa, suna bambance gezna da sauran shadda da taɓawa ɗaya, domin kayan da ake kasawa a Kwari su ne 'yan koli ke kawowa kasuwanninmu na mako. Ranar biki kuwa kowace mace mafi tsadar abin da ke ƙasan akwatinta take fitarwa, wata ma adashi ta ɗauka saboda wannan ranar.

Bayan haka, lefen da kike magana a kai dangin nan ne suka haɗa shi, wataƙila wasu gwaggwannin ma su suka kai akwatunan gidanku. Suna sane da leshin nan, kuma uwar miji tana jin daɗi idan ta ga matar ɗanta cikin kayan da aka yi mata, tana nuna ta ga ƙawayenta. Saboda haka shawarata ita ce ki tafi da kaya biyu. Ki yi yini da atamfar kamar yadda aka ce, idan rana ta yi sanyi aka fara shirin kai amarya, ki watsa ruwa ki sauya zuwa leshin ko shaddar. Abu biyu kawai za ki kiyaye, ki tambayi faccalarki ko ƙanwar mijinki launin da amarya za ta sa, don kada ku yi karo, kuma gwal ɗinki kada ya fi nata ɗaukar ido. 'Yan kunne da siririyar sarƙa sun wadatar.

Malamin Makaranta, Taura

Da izinin iyaye mata zan sa baki a kan hanya kawai, domin yankina ne. Ƙauyukanmu da dama daga bakin kwalta sai an hau babur, ƙasar kuma rairayi ce mai zurfi, takalmi mai tsini nutsewa yake yi a cikinta. 'Yar'uwa ta nemi takalmi shimfiɗaɗɗe mai sauƙin cirewa, tunda a bakin kowace tabarma sai an tuɓe shi. Ta kuma kula da bakin zaninta idan za a ratsa ta gefen gonaki, saboda ƙarangiya a rani tana manne wa tufafi, kuma cire ta daga leshi aiki ne babba.

Amaryar Bara, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da daddare na daure na kira Inna kamar yadda Hajiya ta ce, kuma ta daɗe tana sa mini albarka kafin ma ta amsa tambayar. Ta ce in zo da atamfar, ta kuma tambaye ni da kanta ko leshin nan ruwan zuma yana nan, domin ita ta zaɓe shi lokacin haɗa lefe, ke nan maganar Yaya Uwar Biyu ta tabbata. Ƙanwar maigidana ta shaida mini cewa amarya ruwan hoda za ta sa da rana, fari kuma da yamma, don haka babu karo tsakaninmu.

Na gwada zaren atamfar da ashana, toka ya bari. Na jiƙa ta da safe, gobe in sha Allahu zan kai wa tela tare da bayanin hannu da wuya. Siket ɗin leshin ma zan ba ta ta buɗe shi ta gefe, domin na gwada durƙusawa da shi a ɗaki na ga bai ba ni dama ba. Abin da ya rage mini shi ne ɗaurin zani, wanda ban ƙware a kai ba. Hajiya, idan akwai dabarar da ke hana shi kwancewa lokacin da mace ke yawan tashi da zama, ina roƙon ki ƙara mini bayani kafin ranar.